Fata ta Shida

Ɗanlami ya fi shekara talatin yana bin sawun gada da barewa a dajin Baban Rafi kafin zamani ya koro shi cikin garin Madarunfa. Ba son gari ne ya kawo shi ba. Namun daji ne suka ƙare, 'yan gandun daji kuma suka sa ido a kan ɗan abin da ya rage, har ranar da suka karɓe masa bindiga a kan zomo ɗaya tal, zomon ma ramamme. Ya koma gida ya zauna ya duba abin da ya iya ban da harbi, ya tarar fata ce. Ubansa ya koya masa fiɗa da jima tun bai kai tsawon bindigar ba, kuma duk burgamin da ya taɓa ratayawa, da kuben wuƙarsa, shi ya ɗinka abinsa.

Ya kafa rumfa a ƙarshen layin dukawa, can inda kasuwa ta kusa ƙarewa, dab da masu sayar da igiya. Dukawan gari, waɗanda suka gaji sana'ar kaka da kakanni, ba su kore shi ba, ba su kuma taɓa kiransa da sunansa ba. Na Daji suke ce masa. Shekara huɗu yana ɗinka takalma da kube da ƙananan jakunkuna, ya yini ranar kasuwa ya sayar da abin da bai isa cefanen kwana uku ba. Matarsa Dije ba mai yawan magana ba ce, amma a bana ta yi magana ɗaya: idan aka yi girbi rumfar nan ba ta tsaya da ƙafarta ba, su tattara su koma ƙauye ya yi wa ƙanensa noma. Ɗanlami ya san gaskiya ta faɗa, shi ya sa maganar ta fi yi masa ciwo. Mutumin da ake yi wa kirari a bakin daji, ya koma yana jiran ƙanensa ya auna masa hatsi! Duk ranar da ya tuna, abinci ba ya shiga.

Ana cikin haka sai Hajiya Bushira ta tsaya a rumfarsa. 'Yar kasuwa ce daga Maraɗi, mai kai kayan fata wani babban kanti a Yamai. Ta ɗauki jaka ɗaya ta juya ta ciki da waje, ta sa farce ta bi ɗinkin, har shinshinawa ta yi.

"Kai ka yi wagga?"

"Ni na yi, Hajiya."

"Ɗinkinka ya yi. Hwatarka ce ba ta yi ba. Dubi nan, dubi nan, duk sawun wuƙa." Ta ajiye jakar. "Ina son manya guda shida, kowace daga hwata guda, ba huda, ba maho. Masu kantin shida suke amsa su gwada mutum, ba su amsar biyar. In sun yi, kowane wata za ka riƙa kawo mani. In ba su yi ba, akwai baduku a Maraɗi da ke ta kirana a waya. Sati uku bayan Babbar Salla zan aiko a ɗauka."

Ɗanlami ya amsa tun ba ta rufe baki ba. Sai da motarta ta tashi ya fara tambayar kansa inda zai samo fatun. Masu kyau ba sa kwana a Madarunfa. Dillalai ke kwashe su da sassafe su ƙetare iyaka da su ta Ɗan Issa. Abin da ya rage aikin mahauta ne, su kuwa mahauta nama ne a gabansu, fata riga ce da suke sauri su tuɓe. Ɗanlami ya sha tsayawa a mayanka yana kallo ransa na tafasa. Mutum ya riƙe wuƙa yana sharɓe fata kamar yana fere rogo, in ka yi magana ya ce wa ya aiko ka. Shi ba haka aka koya masa ba. Wuƙa aikinta ta buɗe layi a ciki da ƙafafu, daga nan a ajiye ta. Sauran aikin na dunƙulen hannu ne, a tura shi tsakanin fata da nama a hankali har fatar ta saki don kanta.

Dabarar ta faɗo masa yana kallon wani ƙaton rago da aka ja aka wuce da shi ta gaban rumfa. Ranar layya kowane gida akwai fata, manya-manya, kuma shekara da shekaru a bayan danga ake yar da rabinsu ƙuda na bi. Ya tashi ya bi gida goma sha biyar, yana cewa zai yi musu fiɗa a ba shi fatar. Kowa ya ce to da murna. Wa ke son ya ɓata sabuwar riga da jini ranar Salla?

Kwana biyu da haka Malam Al'amin, limamin unguwarsu, ya tsayar da shi bayan azahar.

"Ɗanlami, na ji kana yawo kana ƙulla ciniki a kan hwatun layya."

"Ba ciniki ba ne, Malam. In yi hiɗa, a ba ni hwata."

"To ai shi ne cinikin. Dabbar layya ba a sayar da komi nata, ba a biyan ladan aiki da shi, ko da gashinta ne. So kake ka ɓata wa mutane ibadarsu?"

"Subhanallahi! Ban sani ba, Malam. To yanzu mi zan yi?"

"Ka yi musu hiɗa don Allah. Wanda ya ga dama ya ba ka hwata don Allah. Amma kada ka haɗa biyun. Kada ka roƙa, kada ka tuna wa kowa."

Ɗanlami mutumin daji ne, amma ba ya wasa da maganar malami. Ya sake bin gidajen nan ɗaya bayan ɗaya yana warware abin da ya ƙulla. Fiɗa dai zai yi, fata kuwa kowa da ikon abinsa. A ransa bai ga wata asara ba. Abin da ake yarwa ne, wa zai yi masa rowarsa? Ya sayi gishiri, ya wasa wuƙa, ya jiƙa bagaruwa a tukunya yana jiran ranar.

Akwai abin da bai lissafa ba, kuma ba ranar Salla ya kamata ya gano shi ba. A daji nama ɗaya-ɗaya yake zuwa, ka gama da wannan kafin wani ya fito. A gari kuwa ba mai yanka sai liman ya yanka, da ya yanka kuma duk Madarunfa sa'a ɗaya take kwantar da ragunanta. Ɗanlami ya dawo daga idi da gudu-gudu, ya yanka nasa ɗan ragon, ya feɗe, ya bar wa Dije sauran aikin. Kafin ya fito ƙofar gida an riga an aiko masa daga wuri uku, kowa na cewa shi za a fara yi wa.

Ya fara da gidan Alhaji Yusuf mai manyan motoci, don nasa ne babban ragon unguwa, fari tas, tsayinsa kamar maraƙi. Ɗanlami ya durƙusa, ya ɗan yanki ƙafar baya ya hura iska, ya buɗe layi, ya soke wuƙar a ƙasa. Hannunsa ya shiga. Maza suka zagaye shi suna kallo, ba mai tari. Fatar ta riƙa saki kamar ana cire wa yaro riga, har ta fito gaba ɗaya, ba tsoka ko ɗaya a jikinta. Ya shimfiɗa ta a kan tabarma zuciyarsa fari ƙal. Wannan kaɗai ta isa jakar da za ta sa Hajiya ta yi shiru.

Alhaji ya sunkuya ya shafa ta, ya ɗaga ta ya duba a rana.

"Kai, wanga hannu! Ko huda ɗaya babu. Ni tun da nike ban taɓa ganin hwata haka ba." Ya juya wajen ƙofar cikin gida. "Ku zo ku gani! Ai wagga buzu za a yi da ita, na daɗe ina neman irinta ta salla. Na Daji, kai za ka jeme mani ita, ko?"

Ɗanlami ya buɗe baki, sai ya tuna maganar Malam.

"In sha Allah, Alhaji."

"Allah shi yi albarka."

Ya amsa da amin, ya ɗauki wuƙarsa ya fita kansa na hayaƙi. Gida na biyu da ya isa, samarin gidan sun gaji da jira sun yi abinsu. Fatar na yashe a gindin bango kamar rariya, mai gida ya ɗauko ta da yatsa biyu ya miƙo masa da fara'a, wai ga tasa nan an ajiye masa. A gida na uku ya yi fiɗa da kansa, tsohon gidan ya shafa fatar, ya yaba hannu, ya tuna cewa buzunsa ya tsufa. Mutanen da bara kare ke jan fatunsu a kwararo, yau duk sun zama masu son salla a kan buzu!

Haka ya yini yana gudu daga wannan zaure zuwa wancan, rana na dukansa, jini ya bushe masa har gwiwar hannu. Bai ci ba, bai sha ba sai ruwan da ya kurɓa a tsaye. Ko'ina hayaƙi ya tashi, an tsire raguna a kan itatuwa an jera su kewaye da wuta, mutane sun sa sababbin kaya suna barka da salla, shi kaɗai ke yawo da buhu a kafaɗa kamar mai tsintar kara. Wani malamin makaranta, Mushe Ashiru kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, baƙo ne mai zama a gidan haya, ya ba shi fatarsa ba tare da ya ko kalle ta ba. Haruna mai facin taya ya ba shi, wasu 'yan'uwa biyu a bakin hanyar Safo su ma suka ba shi. Amma duk inda aka tsaya aka shafa fatar aka ce kai wanga hannu, to ya san ta tafi. Sau huɗu ana yi masa haka. Abin da ya fi ƙona masa rai, ba wanda ya cuce shi da zai kai ƙara. Kowa abinsa ya riƙe, kowa kuma ya sa masa albarka.

La'asar ta kusa ya tsaya a inuwar wata bishiyar bedi ya leƙa buhu. Ya ware yagaggun da aka ɗora masa, ya ƙirga lafiyayyu har da tasa. Biyar. Gida ɗaya ya rage, na Inna Aminatu, wata tsohuwa da mijinta ya rasu, mai zama ita kaɗai a hanyar tabki. Ɗanta direba ne, ya aiko mata da rago daga Ɗan Issa, Salla kuma ta riske shi a hanya. Ba namiji a gidan, don haka sai bayan azahar Malam Al'amin ya samu ya je ya yanka mata.

Ya yi sallama ya shiga. Ragon na kwance a inuwa an rufa masa ganye, ƙato, mai faɗin baya, fatarsa ba ƙaya ba tabo. Ɗanlami ya ji numfashinsa ya dawo. Sai idonsa ya faɗa a kan abin da ke shimfiɗe a ƙofar ɗakin tsohuwar: wani buzu da ya ga duniya, gashinsa ya ƙoƙe a wurin goshi da gwiwa, gefensa ya zaizaye, har da maho na tsumma.

"Sannu ɗana, sannu da wahala. Ka sha hura tukuna."

"Bari in gama, Inna."

Ya durƙusa ya buɗe layi, ya ajiye wuƙa. Tsohuwar ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna kusa da shi, ta zuba tagumi tana kallo. Ya saki ƙafafun baya, ya hau gefe ɗaya, fatar na bin hannunsa lafiya lau. Inna ta miƙo hannu ta shafa inda ya saki.

"Kai, wanga hannu! Allah ya yi maka baiwa, ɗana. Dubi yadda take fitowa kamar alkyabba."

Shi ke nan, ya ce a ransa. Ita ma ta gani. Kuma ita ta fi su Alhaji hujja, ga buzunta can kowa na gani. Zai gama, ta sa masa albarka, ya koma gida da biyar, ya tattara kayan rumfa ya tafi ya riƙe wa ƙanensa fartanya. Wani baƙin ciki ya taso masa tun daga ciki. Tun safe yana kyautata aiki ana ƙwace masa, masu ɓatawa kuwa ana miƙo masa nasu da hannu biyu. To ashe ɓatacciya ake bayarwa.

Tunanin ya zo masa a shirye, kamar ya daɗe yana jira a bakin ƙofa. Huda ɗaya, a gefen ciki, inda ido zai gani amma inda almakashi zai iya kewayewa in an zo yankan jaka. Tsohuwa za ta ga ta ɓaci ta ce ɗauki. Ba roƙo ya yi ba, ba tuni ya yi ba, maganar Malam tana nan daram. Tun da ya fara riƙe wuƙa bai taɓa huda fata da gangan ba, ubansa da ya gan shi da sai ya mare shi. Inna ta juya tana korar kaza daga bakin ƙwarya. Ɗanlami ya ɗauki wuƙar, ya soka bakinta, ya ja kamar tsawon ɗan yatsa, ya mayar da ita ƙasa.

Da ya tsaya nan ya bi a hankali, da wataƙila dabarar ta ci. Amma kunya ta sa shi sauri, so yake ya gama ya bar gidan. Ya dunƙule hannu ya tura da ƙarfi wajen gadon baya, ɗaya hannun na jan fatar. Fatar rago kuwa in an buɗe mata baki ba ta da riƙo. Ya ji ƙarar a hannunsa kafin kunnensa ya ji. Tsagar ta tashi daga inda ya soka ta bi ta haye har tsakiyar baya, wurin da ya kamata ya zama fuskar jaka.

Ya tsaya a durƙushe, hannunsa na cikin ragon.

"Wayyo!" Inna Aminatu ta dafa ƙirji. "Wayyo ɗana, hwatarka!"

Ya ɗago ya dube ta.

"Tun ran da aka sauke ragon nan na ce hwatar taka ce. Dije ta gaya mani zancen Hajiyar Maraɗi a wajen rijiya. Kullum sai na ɗaure shi nesa da dangar ƙaya don kada ya kurje maka ita. Na so in hwaɗa maka, Malam ya ce a bari sai an gama aiki."

"Buzunki fa, Inna?"

"Wancan? Na marigayi ne. A kansa zan ƙarasa sallolina, mi zan yi da sabo?" Ta matso tana leƙa tsagar, idonta ya kawo ruwa. "Gajiya ce, tun sahe kana yi wa mutane bauta ba ka ci komi ba. Laihina ne da na zama ta ƙarshe. Ka yahe mani, ɗana."

Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Gaskiyar kuma ta yi masa nauyi a baki. Ya sunkuyar da kai ya ƙarasa fiɗar. Ya fasa cikin ragon ya gyara, ya sassaƙa itace ya tsire shi, ya haɗa mata wuta, duk abin da ba a sa shi ba. Tsohuwar ta naɗe fatar da hannunta, ta miƙa masa tana ta ba shi haƙuri har ƙofar gida.

Rana ta yi sanyi ya isa gida. Dije ta karɓi buhun ta zazzage a inuwa, ta kawo gishiri tana shimfiɗa fatun ɗaya-ɗaya. Ta tura yagaggun gefe. Da ta warware ta ƙarshe sai ta tsaya. Shekara ashirin da biyar tana taya shi shanya fata, ta san yagewa ta san yanka. Ta bi tsagar da yatsa tun daga baya har zuwa inda ta faro, inda bakinta yake a miƙe sumul.

"Wane mahauci ne ya yi maka wagga ɓarna?"

"Ni ne."

Ta dube shi, ya kau da kai. Ta koma ta ƙirga lafiyayyun, ta sake ƙirgawa ko lissafin zai canza. Ba ta yi zancen ƙauye ba. Ɗanlami ya zauna a bakin turmi yana kankare busasshen jini daga hannunsa.

"Gobe in an raba nama ki ware na ƙanena," in ji shi. "Ni zan kai masa da kaina. Akwai maganar gona da za mu yi."